Layin Ƙasa

Shagon Baba taku huɗu ne, a bayan Taminus,
tsakanin mai gyaran agogo da mai tuyar awara.
Shekara talatin yana ɗaure ƙafar tabarau
da ƙusar da ba ta kai ƙwayar gero ba.
Ba shi da wata takarda sai rasiɗin haya.

Ni kuwa uku na shimfiɗa masa a kan kanta,
kowacce da tambarin jami'arta,
sanyin Jos yana lallaɓowa ta ƙasan ƙofa
yana taɓa mana idon sawu.

Ta farko daga ƙetaren teku take.
Ɗalibai a kan ciyawa, haƙora fes,
na'urori kamar za su leƙa har cikin tunani.
Amma na bi dokar yankin dare biyu a waya
har katina ya ƙare:
ki auna, ki rubuta lamba, ki yi sallama.
Haye kogi ɗaya zuwa jihar maƙwabta,
da wannan karatun dai, da wannan hannun,
an yarje miki ki rubuta magani.
Kogi ne kawai a tsakani.
Wa zai gaya wa ido cewa akwai kogi?

Ta biyu kusa ce, kuɗinta da sauƙi.
Sai na tuna Gyang, ɗan maƙwabtanmu na Farin Gada,
da ya dawo da shaida mai bakin zinare,
damina biyu ke nan yana hawa motar Abuja
neman hatimin da zai ce ilminsa ya iso gida.
Yanzu caji yake sayarwa.
Idan ka miƙo waya, idonka yake fara kallo.

Ta uku tamu ce, wuni guda a mota.
Shekara shida, in yajin aiki bai yi mata gyara ba.
Hotonta ma ya koɗe.

Baba bai ce komai ba. Yana goge gilashi da gefen riga.
Na san wadda yake tunawa.
Iya Tabawa mai dankali, da ta zo sau uku
tana cewa a ƙara mata ƙarfin tabarau,
wai gefen hanya ne ke ɓace mata.
Ya ɗora yatsa a kan fatar idon, ya ji shi tauri kamar goruba.
Ya ce, Iya, wannan ya fi ƙarfina, sai asibiti.
Ta ce sai ta sayar da buhun da ya rage.
Buhun ya ƙare, wani ya zo.
Yanzu jikarta ce ke ƙirga mata canji.

Ɗigo ɗaya safe, ɗigo ɗaya dare.
Abin da nake son a bar hannuna ya rubuta ke nan,
ba a inda ciyawa ta fi kore ba,
a nan, inda Iya take zama a kan buhu.
Amma kada in yi wa kaina ƙarya:
ina son na'urorin nan. Ina son jirgin ma.

Sai Baba ya jawo kujerar awo, ya ce, Lantana, zauna.
Ya ɗora mini firam ɗin ƙarfe mai sanyi a hanci,
ya zura gilashi, ya zare, ya zura wani.
Da wannan da wancan, wanne ya fi?
Na ce duk ɗaya ne, Baba, idona lafiya lau.
Ya ce na sani.
Ya nuna allon haruffa da ke jikin bango,
wanda ƙuda suka ƙara wa ɗigo-ɗigo.
Babban harafin sama, in ji shi, kowa na gani,
har mai hakiya.
Karanta mini layin ƙasa.

Mai awara ta leƙo tana neman canjin ɗari biyar.
Na jawo takardun kusa da fitila,
na juya bayansu,
inda rubutun ya yi ƙanana.