Ƙarshe Biyu

Recife, ƙarfe uku na dare.
Valdirene tana tace fim ita kaɗai.
A allo, mai kunna kyandiran coci
ya ɗaure makashin 'yarsa a kujera,
carbi a hagu, bindiga a dama.

An ɗauki ƙarshe biyu.
A ɗaya ya harba.
A ɗaya ya durƙusa, leɓe na rawa.
Darakta ya ce harbin ke cika sinima.

Ta tuna tafin unguwa
ranar da aka jefe ƙanenta Jailson
kan wayar da aka tsinta washegari
a ƙarƙashin gadon mai ita.

Ta yanke daidai inda yatsa ya taɓa kunama.
Allo ya yi baƙi.
Kowa ya tafi gida da harsashinsa.