Gonar Gawo Uku

Jami'a ta shiga yajin aiki, na dawo Taura da jaka ɗaya
da littafin Latin mai yagaggen bango
da na saya a hannun wani da ya gaji da karatu.
Gero ya fara bununi.
Ina zaure ina bita:
lex, legis, legi, legem, lege,
kalma ɗaya mai sauya wutsiya
gwargwadon aiken da aka yi mata.

Inna Marka ta leƙo da ƙwaryar tsaki a hannu.
"Wannan wace addu'a ce babu bisimilla?"
Na ce harshen Rumawa ne, masu shi duk sun mutu.
Ta ce, "To in ka yi kuskure wa zai gyara maka?"

Bayan la'asar Kawu Ilu ya zo, laka har gwiwa.
"Kai ne lauyan gidan nan.
Gonar babanka mai gawo uku
jingina ce a hannun Barau,
ga shi ya sayar wa wani dillali a Gujungu."
Zuciyata ta yi tsalle, don wannan na san shi,
mun yi shi a zangon farko:
nemo dat quod non habet,
ba ka kyauta da rigar da ka aro.

Kwana biyu ina rubutu a hasken tocila.
Shafi shida.
Na zuba Latin kamar mai barbaɗa yaji a tsire,
na kira Barau wanda ake ƙara,
mutumin da ya taɓa goya ni ya haye da ni kogi.
Na karanta wa Kawu, ya saurara har ƙarshe,
ya ce, "Da daɗi. Amma ina gawon?
Ina jemen da ke kan iyaka?"

Na tuna Malama Tasalla da jan bironta,
yadda take soke layi ba ta ko ɗaga kai:
"Duk kalmar da ba ta ɗauke da kaya, sauke ta daga mota."
Ita ce kuma ta rubuta a allo ranar wata Talata,
audi alteram partem,
ta ce ko kura ce ta zo gabanka, ji nata bakin.

Na tafi don in cika ƙa'ida kawai.
Barau na gyaran ƙotar fartanya.
Bai yi musu ba, bai ɗaga murya ba.
Ya shiga ɗaki ya fito da gwangwanin madara,
a ciki takarda ninki huɗu, ta ci gumi,
da ajami, rubutun babana, na san yadda yake karkata.
Ba jingina ba ce.
Ciniki ne, da shaidu biyu, liman na uku.
A ƙasa an sa wata da shekara:
watan da sunana ya fito,
satin da aka ce a biya kuɗin rajista ko a rasa gurbi.

"Ya ce kada ka sani sai ka gama."

Na bi ta gonar a hanyar komawa.
Gawon nan uku tsaye ba ganye ko ɗaya,
su da ba sa shiri da damina.
Dawar wani ce a ƙarƙashinsu, ta yi kyau.

Shafi shidan Inna ta hura wuta da su.
Da dare na buɗe littafin,
na fara daga inda na tsaya.
Ager, gona. Agri, na gona.
Na yi ta maimaitawa a hankali,
ina lissafin kunya nawa kowace kalma ta ci.