Ba-Komai

A bakin kududdufin kuza Baba Shitu ya tsince shi,
can bayan Bukuru, kwikwiyo jiƙe sharkaf, haƙarƙari a waje.
Inna ta ce, "Kare, a gidan da ake salla?"
Baba ya ce, "Ba komai."
Sunan ke nan da ya bi shi.

Aka ja masa iyaka a dokin ƙofar ɗaki.
Shekara goma sha ɗaya bai tsallake ba.
Ya san butar alwala, yana kauce mata,
ya san kukan sarƙar keken Baba tun daga kwanar masu kabeji.
Baba na gyaran agogon mutane a Kugiya,
amma a gidanmu kare ne ke faɗin ƙarfe shida.

Sai ƙoda ta gaza.
Ƙafafu suka kumbura, takalmi ya ƙi shiga,
hannun da ke ɗaukar ƙusa kamar ƙwayar gero
ya kasa riƙe kofin shayi.
Talata da Asabar a kai shi Lamingo wanki,
Ba-Komai ya bi motar har bakin kwalta,
ya dawo ya kwanta inda tayar ta bar sawu.

Ni ina Abuja.
Ina turo kuɗi ta waya, ina turo gaisuwa,
ina cewa sai ƙarshen wata,
wata ya ƙare in ƙara masa wani.
Uwani ke wankin zanen gado.
Kare ke gadin numfashi.

Ta ce a daren ƙarshe an yi ruwa da ƙanƙara,
kwanon rufi na ta amo kamar ana jifan gidan.
Baba ya ce, "Ku jawo katifar nan bakin ƙofa."
Suka ce sanyi.
Ya ce, "Ku jawo."
Ya miƙa hannu waje, ya ɗora bisa jiƙaƙƙen kai.
Shi a ciki, kare a waje,
ba wanda ya karya doka.
Da asuba hannun ya yi sanyi,
kan da ke ƙarƙashinsa bai motsa ba.

Motarmu na Hawan Kibo aka kira ni:
an riga an kai shi.

Aka ce ya bi makara daga nesa, yara na korarsa,
ya tsaya da kansa a ƙofar maƙabarta
kamar can ma Inna ta ja masa layi.

Na zauna a tabarma ina karɓar gaisuwa.
Duk wanda ya zo, in ce, "Ban same shi ba. Na makara."
Su ce, "Ba komai. Allah ya riga ya rubuta."
Su ce, "Ba komai."
Duk sanda aka faɗa, sai ya ɗago kai daga bakin ƙofa,
ya duba fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya,
muryar ba ita ba ce,
ya mayar da haɓa bisa ƙafa.

Mama Kachollom ta ƙetaro katanga da romon ƙashi.
Ya shinshina, ya bar wa ƙudaje.
Na durƙusa, na ɗora hannuna inda na Baba ya kwana.
Bai yi gurnani ba, bai kaɗa wutsiya ba,
ya ƙyale ni kawai, yadda ake ƙyale baƙo.

Ran sadakar bakwai, ƙarfe shida ta wuce shiru.

Ni na ɗauki diga, gindin fiya bayan gida.
Ƙasar Jos ja ce, da duwatsu, ta fasa min tafin hannu.
Ramin da aka bar min in haƙa ke nan.
Ina cikin share gumi sai ga Inna,
ba ta ce uffan ba,
ta miƙo min tsohon bargon Baba.