Ƙafar da Ta Fara Sauka

Mu mutanen tashi ne.
Kafin toka ta huce a murhu
mun naɗe tabarmi, mun ɗora turaku bisa jaki,
daga rijiyoyin Abalak zuwa duk inda hadari ya nuna.
Tsakanin zango da zango aka haife ni,
inna ma ba ta riƙe sunan wurin ba.

Shekarar da shanu suka kwanta ba su tashi ba
muka shigo Tawa da awaki huɗu.
Aka rubuta ni a lakwal:
Tekna, ƴar Buzaye, doguwa, Hausarta ba ta nuna ba.
Bayan aji akwai wani ƙarfe tsaye da zobe a kansa,
ba allo, ba raga, sai tsatsa.
Madam Zali ta wurgo ƙwallo, na cafe, na ruga.
Ta busa usur.
Ta ce, a wannan wasa in ƙwallo na hannunki
ƙafar da ta fara sauka, nan za ta zauna.
Ƙirga uku, ki miƙa wa ƴar'uwarki.

Na yi dariya har da riƙe ciki.
Ni da aka goya a kan tafiya,
yau an ce in tsaya.

Amma hannun da ya ja guga gaba ashirin
bai ji nauyin ƙwallo ba.
Idon da ke gane akuyar da za ta ɓalle
tun ba ta ɗaga kunne ba,
shi ya riƙa gaya mini inda jifa za ta bi.
Aka sa ni tsaron gida.
Ba ni nake ci ba, ni nake hanawa,
kuma mai hanawa ba a cika yi mata guɗa ba.

Kar ɗin dare ya kai ni Yamai da jaka ɗaya.
Fitilu sun fi wata haske amma ba su da sanyinsa.
Mai sanarwa ya kira ni Takina, shekara biyu ban gyara masa ba.
Daga kan benci ana ihu, Buzuwa! Buzuwa!
Wani bakin kirari yake,
wani kuwa na san me yake nufi.
Na amsa duka biyun da hannu sama.

Shekara goma sha ɗaya.
Yatsu uku sun karkace, ga su nan.
Ni da Gambi muna raba kwano ɗaya na dambu a Bukoki,
tana koya mini zagi da Zabarmanci.
Duk ƙarshen wata in aika jika goma gida,
baba ya sayi ƴar akuya, ya raɗa mata suna Usur
don ba ta rufe baki.
Bai taɓa ganin wasana ba.
Sau ɗaya ya tambaye ni a waya:
su ke bin ki, ko ke ke bin su?

Ranar ƙarshe ba wata babbar rana ba ce.
Talata, ƴan kallo ba su cika ɗari ba.
Na yi tsalle, na taɓo ƙwallon da kan yatsa,
ƙafar dama ta sauka ta zauna yadda aka hore ta,
sauran jikin ya juya.
Gwiwa ta ce ƙas, kamar busasshen reshen aduwa.
Gambi ce ta ɗauke ni, tana zagin ƙasa.

Yanzu ina Tawa.
Ƙarfen na nan, na shafa masa fenti,
Madam Zali ta bar mini usur ɗinta da igiyar da ta koɗe.
Jiya aka kawo wata yarinya daga wajen Kaw,
ƙafa duk faso, ido na yawo.
Na wurga mata, ta cafe, ta ruga,
ta wuce layi, ta wuce bedi, ta doshi katanga.

Usur ɗin na bakina.
Na bar ta ta ƙara taku goma.