Milimita Goma Sha Biyar

Keken na yayana ne, Anselmo,
wanda sai ya sunkuya yake shiga ƙofar gidanmu.
Da ƙasa ta rufe masa ido
aka ce, Nubia, ga gadonki:
keke ɗaya, famfo, da bargon ulu mai warin hayaƙi.

Shekara biyu ina hawansa
daga Sotaquirá zuwa kasuwar Paipa,
cuku takwas a kwando, raɓa a gira.
Na sauke sirdi har ya zauna kan ƙarfe
don tafin ƙafata ya kai feda.
Ya kai ɗin.
Amma in feda ta yi sama
sai gwiwata ta taso gaida haɓata,
in ta yi ƙasa
ƙuguna ya karkace yana binta
kamar mai leƙen rijiya.

Gwiwar hagu ce ta fara ƙorafi.
Na ce sanyin dutse ne.
Innata ta ce shekaru ne, ki saba.
Na shafa man zafi, na ɗaure da tsumma,
na koyi sauka a gindin tudu
in tura, ina yi kamar ina kallon shanu.

Evaristo mai gyara, can bayan coci,
bai ko dubi gwiwar ba.
Ya ce, hau ki zaga dandali in gani.
Na zaga. Ya tsotsi haƙori.
Ya ba 'yarsa igiya ta auna tsawon ƙafata,
shi kuma ya durƙusa,
ya kankare laka da farce a bayan hannun feda
har lamba ta fito:
ɗari da saba'in da biyar.

Ya ce, wannan takun dogo ne.
Duk juyi ɗaya, da'irarsa kike zanawa,
ƙafarki kuwa ba ta kai faɗinta ba.
Sau dubu nawa daga gida zuwa nan?
Gwiwa ba ta mantuwa, lissafi take.

Na ce kada a taɓa, haka ya bar shi.
Ya yi shiru yana goge sifana.
Can ya ce, daidai ruwa daidai tsaki, baiwar Allah.
Shi ya yi nasa hawan.

Daga ƙasan akwati ya zaro wasu gajeru,
ɗari da sittin, fenti ya koɗe.
Bambancin bai wuce faɗin babban yatsana ba.
Na yi dariya, a kan wannan?
Ya ɗaura, ya ɗaga sirdi da ɗan abin da ya rage,
ya ce, a tudu ƙarfin dannawa zai ragu,
ki sa giya mai sauƙi, ki juya da sauri,
kada ki yi kokawa da dutse, lallaɓa shi ake.

Kwana uku ƙafafuna suna neman nisan da babu,
kamar harshe a gurbin haƙori.
Ran na huɗu, a tudun da na saba sauka,
na tsinci kaina a sama
ban san lokacin da na wuce ba.
Gwiwa tsit.
Ƙugu zaune daram.
Ashe akwai gonar dankali a hannun dama
mai furanni ruwan shuɗi,
shekara biyu ban ɗaga kai na gani ba.

Dogayen suna nan, na rataye su a ƙusa
kusa da hularsa.
Wani lokaci iska kan haɗa su, su yi ƙara.

A tudun nan ne ya kan tsaya jirana
tun muna yara, yana cewa, gajera, yi sauri.
Ranar na tsaya da kaina, ba don ciwo ba,
na jingine keken, keken nawa,
sai a lokacin kukan ya zo.