Mai Jan Labule

Ni ne Tanimu mai jan labule.
Ina ɗan shekara sha uku na shigo gidan nan,
ƙafa ba takalmi, ciki ba kalaci.
Alhaji Mati ya dube ni sau ɗaya,
ya ce: yaro, riƙe igiya.

Bayan Sabon Layi ne, daura da masu facin keke,
benci arba'in, rufin kwano mai yoyo,
fitilar gas guda, rataye a tsakiya.

Sisi ne kuɗin shiga.
Jatau ɗan kama ya hau da rawanin tsumma,
yana wa'azi a kan tuwo da miyar kuka,
yana jan baƙi, yana fassara da malmala,
har wani ɗan doka ya faɗo daga benci don dariya.

Nomau mai dabo ya haɗiye allura bakwai,
ya zaro su jere a jikin zare.
Ni da ke bayan labule na san inda yake ɓoye su.
Shekara sittin ban faɗa wa kowa ba,
yau ma ba za ku ji ba,
na ci goronsa, amana ce a wuya.

Sai majigi ya zo. Aka naɗe labulena,
aka shafa wa bango farar ƙasa.
Jatau ya koma sayar da rake a Ƙofar Ƙaura,
mutane suka koma kuka da yaren Indiya.

Da bidiyo ya shiga ɗakuna, sai aka sa kwaɗo.
Wani ɗan kwangila ya jibge takin zamani,
gishirinsa ya cinye ƙafafun benci.
Shekara tara ba mai tafi a ciki
sai fukafukin jemage, ba mai waƙa sai mujiya.

Bara Lantana, jikar Alhaji Mati,
ta dawo daga karatu da makulli a jaka.
Ta sa aka kankare bango, aka jawo wuta,
aka girke lasifika biyu kamar rumbuna.
Daren Asabar yanzu gurmi ne da jita,
kalangu na gardama da fiyano,
janareto na nasa gunaguni a baya.

Yara na ɗaga waya sama, kowa da 'yar fitilarsa.
Rabin abin da suke rerawa ba na ganewa.
Amma akwai katako a dandamali, na uku daga hagu,
mai ƙara in an taka, tun zamanin Jatau.
Na roƙi kafinta kada ya taɓa shi.
Jiya wani yaro mai gurmi ya taka, ya ji ƙiiƙ,
ya dakata, ya sake takawa,
sai ya ɗora kiɗansa a kai, suka yi tafiya.

Ba labule yanzu, fitilu ake kashewa.
An ba ni kujera a bakin ƙofa, ina yaga tikiti.
Amma da zarar an ce za a fara,
hannuna na dama yakan tashi da kansa,
yana lalube a iska, yana neman igiya.