Kalmar da Uwa Ke Cikinta

Nan Barnsley, a Turancinmu, akwai wata kalma
da muke labta wa kaya kamar jakin haya.
Shekara saba'in da huɗu ina furta ta,
ban taɓa zama na dubi fuskarta ba
sai daren jiya, da barci ya ƙi ni.

Da ita na kashe gobara ina amarya.
Man suya ya kama, harshen wuta na lasar rufi,
ban taɓa ruwa ba,
na jiƙa tawul na kife a kan tukunya.
Ashe wuta ma numfashi take yi.
Hana ta iska, sai ta kwanta.
Wilf ya ce hannuna yana da albarka.

Ran Lahadi kuwa, da bakinsa yake roƙo da ita:
"Glenys, malale dankalin nan da romo,
kada in ga farin faranti."
Kalmar da ke kashe wuta
ita ce ke sa mutum lasar cokali.

A coci, ranar auren Maxine,
haƙoran robar mai wa'azi suka zame ana tsakiyar addu'a.
Na cusa hanki a baki, na danne dariya,
ta koma ciki, ta ɓullo ta ido.
Wannan ma sunansa ke nan.

Neville, ɗana, yana tsaron raga a filin bayan makaranta,
sai ya faɗa wa ƙwallo da ƙirji, cikin taɓo,
ya rufe ta ruf kamar kaza a kan ƙwai.
Iyaye na gefe suna kwarma kalmar, suna tafi.
Na fi kowa murya.

Akwai wata ciyawa a lambuna, mai farin fure,
kyakkyawa, ba ƙaya.
Ba ta cizo, ba ta sara.
Runguma kawai take yi,
ta naɗe waken tun daga gindi har ya yi rawaya.

Sai Wilf.
Shekara ashirin da shida a ramin kwal,
ƙura ta yi gida a huhunsa, ta ƙi tashi.
Likita ya kira abin da wani dogon suna
wanda ban iya maimaitawa.
Shi da tamu ya kira shi, da ƙarfe ukun dare:
"Kamar an danna min matashi a fuska, Glen.
Buɗe taga."
Tagar a buɗe take.

Duk waɗannan na ɗauka, ban yi gardama ba.
Wanda ya tsaya min a wuya na Neville ne.
Yana bakin ƙofa da akwati, ɗan shekara talatin da ɗaya,
ina gyara masa mayafin wuya,
ina cewa ka ci abinci, ka kira in ka sauka,
sai ya riƙe hannuna, a hankali,
ya faɗe ta.
Ni ya nufa.
An ce ba don ƙi kaza ke taka ɗanta ba,
amma wa ya tambayi ɗan tsakon?

Jiya na rubuta ta a bayan takardar kuɗin lantarki.
Na ɗora babban yatsa a kan harafin farko,
wannan mai lanƙwasa kamar ciyawar lambu.
Abin da ya rage: uwa.
Harafi ɗaya tak tsakaninmu,
ban kuma san ranar da ya manne min ba.

Yana Perth yanzu. Yakan kira, wani watan.
Rigar sanyin da na saƙa masa tana kan kujera,
mai kauri, har wuya.
An ce rani ake yi a can.
Ban yanke shawarar aikawa ba,
ko da yake na riga na rubuta adireshin.